Mutumin da Ya Tare Wa Wayarsa Gani

Akwai wani mutum mai lambun albasa a bakin kogi, yana da 'ya mai suna Rifkatu, wadda Allah ya ba tsawo da ƙarfin dantse. Kowace shekara in ruwa ya janye ya bar yashi, matasan ikilisiyar garinsu da na ƙetaren kogi sukan kafa raga, su shimfiɗa igiya a ƙasa ta zama iyaka, su buga ƙwallon raga biyu-biyu, ba takalmi. Al'adarsu kuwa, in aka yi gardama ko ƙwallo ta faɗi ciki ko waje, kowa sai ya tsaya inda yake, mai duban igiya ya je ya duba gurbin da ta bari a yashi. Abin da ya faɗa, magana ta ƙare.

Mai duban igiyar nan yayan mutumin ne, Kefas, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu har ya yi masa aure.

To, mutumin ya gani a talabijin cewa manyan 'yan wasa ba sa ɓata bakinsu, hoto ake mayarwa baya a duba. Abin ya kwanta masa a rai. Ranar wasan ƙarshe ya kafa gora a kusurwar fili, ya ɗaure sabuwar wayarsa da robar ɗaurin buhu, ya saita idonta kan igiya, ya zauna a gindinta. Ya ce, "Bana idon tsofaffi ya huta. Wannan ba ta kwantsa, ba ta da surukai a ƙetare." Aka yi dariya, domin matar Kefas 'yar ƙetare ce. Kefas ya murmusa ya ce, "Ƙanena, Allah ya sa ta fi ni gani."

Ga shi kuwa, da wasa ya kai inda ƙwallo ɗaya za ta raba gardama, Rifkatu ta yi tsalle ta maka ta. Ƙwallo ta sauka dab da igiya. Kefas ya ɗaga hannu ya ce, "Waje. Amma bari in duba gurbi."

Kafin ya taka, mutumin ya riga shi isa, yana tsalle yana kumfar baki. "Waje a ina? Yaya, ka ji tsoron Allah! Haka ka karkata igiya ranar rabon gonar Baba, na haɗiye. Yau kuma 'yata za ka cuta?"

Rifkatu ta ce, "Baba, don Allah ka bari." Ya ce, "Ban bari! A kwanto waya!"

Aka kwanto ta, kawuna suka haɗu. Ga Rifkatu ta tashi sama. Sai wani abu shuɗi ya cika hoton dam. Bayan rigar mutumin ne, jiƙe da gumi, gama tun tana sama ya zabura ya tsaya gaban gorar. Ba ƙwallo, ba igiya. Amma kunnen wayar lafiya lau, ta kwashe maganarsa tas. Aka mayar baya ko za a hango wani abu ta ƙarƙashin hamatarsa, sai gonar Baba ta sake fitowa. Aka sake mayarwa, ta sake fitowa. Wata tsohuwa 'yar ƙetare ta ce, "Baban Rifkatu, a ƙara mana, ban ji wurin gonar sosai ba."

Aka koma neman gurbi a yashi. Babu komai sai sawun ƙafar mutumin.

Kefas ya sunkuya ya cire turakun da suka riƙe igiyar, ya naɗe igiyar a hankali, ya ɗora a hannun ƙanensa. Ya ce, "Ka je ka sake auna gonar. Abin da ka samu naka ne." Ya tafi gida, bai sake sauka bakin kogi ba. Rifkatu ta daina wasa. Mutumin ya goge hoton daga wayarsa, amma ya riga ya shiga wayoyin gari biyu. Ran Lahadi yakan hango yayansa a can ɗaya gefen majami'a, su yi waƙa ɗaya, kowa ya fita ta ƙofarsa.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Ƙwallon ita ce ƙaramar gardamar da kake da ita da ɗan'uwanka. Gurbin yashi kuwa gaskiya ce, mai jiran wanda zai tsaya ya duba. Fushi ne ke tattake ta. Wayar ita ce shaidar da muke roƙon Allah ya kawo a kan wasu. Muna cewa, "Ubangiji, ka mayar baya kowa ya gani!" Zai mayar. Amma da yawanmu za mu tarar jikinmu ne ya cika hoton, muryarmu ce kaɗai ke fita.

Wataƙila ƙwallon Rifkatu ciki ta faɗi. Ba mai sani har abada. Abin da kowa ya sani shi ne, igiya tana rataye a zauren mutumin nan, shi kuwa ba shi da yaya.