Itatuwan da Rafakat Ya Shuka Don Ya Tare Rana

Akwai wani manomi a ƙauyenmu, can gefen garin Layyah, ana ce masa Rafakat. Shekara goma sha biyu shi kaɗai ke da injin ban ruwa mai shan dizal a duk layin gonakinmu. Duk mai son ruwa sai ya je ya tsaya a bakin gadon igiyarsa, ya gaishe shi, ya jira ya gama shan shayi kafin a yi magana. Rafakat yana jin daɗin wannan jiran da ake yi masa fiye da kuɗin ruwan.

Gonar da ke arewa da tasa ta Munawwar ce, ɗan ƙanin mahaifinsa. Mutum ne mara yawan magana, kuma shi ma a wurin Rafakat yake sayen ruwa.

Wata shekara Munawwar ya sayar da ɓaunarsa ta gida guda biyu da yake tatsa, ya tafi birnin Multan, ya dawo da farantan sola goma sha shida, shuɗaye. Ya kafa su a kan ƙarafa dab da iyakar gonakin biyu, inda rijiyarsa take.

Rafakat ya zo ya zagaya su yana dariya.

"Kai Munawwar, ɓaunar da ke ba ka madara ka sayar ka sayo madubai? To matarka Shamshad sai ta riƙa zuwa nan tana kwalliya."

"Yaya, a sa mana albarka dai," in ji Munawwar.

Washegari da hantsi ruwa ya fara zuba daga bututu, babu ƙara, babu hayaƙi. Kafin wata biyu, waɗanda ke tsayawa a bakin gadon Rafakat sun koma wajen Munawwar, don ruwansa ya fi araha nesa ba kusa ba. A teburin mai shayi ba a maganar kowa sai shi. Har tsofaffi suka fara tashi suna ba shi wurin zama.

Abin ya tsaya wa Rafakat a rai. Ya ce farantan suna ƙona ƙasa, babu wanda ya kula. Ya ce suna hana ruwan sama sauka, aka yi masa dariya.

Ran nan ya shigo gida da dashen itacen turare ɗari da ashirin a amalanken jaki. Matarsa Kausar ta bi su da kallo.

"Maigida, me za mu yi da waɗannan?"

"Katako yana kuɗi yanzu."

"A bakin iyakar Munawwar katakon ya fi kuɗi ke nan?"

"Ke dai ki ji da tukunyarki."

Ya jera su layi biyu a gefen gonarsa, daidai inda inuwarsu za ta faɗa kan farantan. Ya yi lissafi, shekara uku sun isa su rufe rana. Kullum da safe yana ba su ruwa da dizal ɗinsa, yana auna tsawonsu da sanda. Shinkafarsa ma ba ta samu irin wannan kulawar ba.

Munawwar ya gani, kowa ma ya gani. Shamshad ta yi ta matsa wa mijinta ya kai ƙara wajen dattawa, ya ce mata, "Gonarsa ce. Abin da ya ga dama zai shuka."

Abin da Rafakat bai lissafa ba shi ne kasuwa ba ta jiran itace ya girma. A cikin shekarun nan uku farantan sola suka cika shagunan Multan, kuɗinsu ya faɗi ƙasa da rabi. Aka fito da wasu baƙaƙe, manya, masu ɗaukar haske ta gaba da ta baya. Maƙera kuma suka koyi ɗora su a kan tirela mai juyawa, tarakta ta ja ta zuwa duk rijiyar da ake so.

A satin da inuwar farko ta taɓa ƙarafan, Rafakat ya fito da sassafe don ya gani da idonsa. Sai ya tarar da ƙarafan tsirara. Munawwar ya kwance tsofaffin farantan ya kai rufin makarantar 'yan mata ta ƙauye. Sababbin kuwa suna can a kan tirela, taku hamsin daga iyaka, suna shan rana, doguwar waya ta biyo ƙasa zuwa rijiya.

Inuwar shekara uku ta faɗa kan ƙarfe da ciyawa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Saiwoyin turaren sun shanye danshin gefen gonarsa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ya daina ba da komai. A daminar da ta biyo ruwan sama ya yi jinkiri, dizal ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, sannan ya ɓace daga gidan mai na kwana tara. Shinkafar Rafakat tana gab da fitar da kai, ƙasa ta fara tsagewa. Abincin gidansa na shekara ke nan.

Kausar ta ce, "Ka je wajen ɗan'uwanka."

"Gara ta bushe."

"Ta bushe mu ci me? Katako?"

Bai je ba. A rana ta shida, yana zaune a bakin injinsa da ya yi shiru, sai ya ji ƙarar tarakta. Munawwar ne, yana jan tirelar, da famfo a ɗaure a bayanta.

"Yaya, matsa mini in sa bututu."

Rafakat bai motsa ba. "Wa ya aiko ka?"

"Babu kowa. Daga gonata nake hango ganyen yana naɗewa."

Kwana uku ruwa yana kwarara. A rana ta uku, suna zaune a kan kunya suna cin gurasa da albasa, Rafakat ya ce, kansa a ƙasa, "Ka san dalilin da ya sa na shuka itatuwan nan?"

"Tun ranar da ka sauke su daga amalanke."

"Me ya hana ka magana?"

Munawwar ya kurɓi ruwa, ya ce, "Shekarar da babana ya rasu, kai ka shayar da alkamarmu har aka girbe, ba ka karɓi ko rupi ɗaya ba. Kai ka manta. Ni kuwa duk lokacin da na ga itatuwan, wancan Yayan nake tunawa, sai in ce zai dawo."

Rafakat ya ajiye gurasar. Mutumin da ba mu taɓa ganin hawayensa ba ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska.

Shinkafar ta tsira, ban da ta gefen iyaka. Bayan girbi, a gaban kowa a teburin mai shayi, Rafakat ya tashi ya ba Munawwar wurin zamansa, ya ce, "Gobe ka raka ni Multan sayen farantan sola. Ni ban san na kirki ba, kai za ka zaɓa mini."

Darasi: Mai hassada yana ɓata shekarunsa wajen tare wa wani hanya, alhali duniya tana tafiya, wanda ake yi wa hassadar ma ya yi gaba. Idan ɗan'uwanka ya riga ka gane wani abu, ka je ka koya a wurinsa. Idan kuma kai ake yi wa, ka riƙe alherin da mutum ya taɓa yi maka, kada ka rama. Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta, wataƙila wani ya fasa abin da ya ƙulla a ransa.