Duwatsun Tafkin Kumfa

A wani zamani mai tsawo da ya shige, can bayan tsaunukan gabas, an yi wani adalin sarki mai suna Jatau, mai mulkin Birnin Talmasa. A ƙarƙashin birnin akwai wani tsohon aljani, Gurzau, wanda tun zamanin kakanni yake tsare rijiyoyi daga ƙafewa. Da tsufa ya cim masa sai numfashinsa ya zama kamar hucin maƙera, ƙasa ta ɗauki zafi, hatsi ya soma lalacewa a rumbuna. Fadawa suka ce a nemo matsafa su kore shi, sarki ya ce ba zai sāka wa mai alheri da kora ba.

Gimbiya Raliya, 'yar sarki, ta je bakin tsohuwar rijiya ta gai da aljanin cikin ladabi. Ya shaida mata cewa ba shi da ikon sanyaya numfashinsa, amma ƙanwarsa Sambatu, mai Tafkin Kumfa, tana da abin da zai shiga tsakaninsa da mutane. Sarki ya sa wa 'yarsa albarka, Yarima Bagudu na ƙasar bakin kogi, wanda ya zo ziyara, ya yi mata rakiya da jiragensa.

Da suka isa, Sambatu ta ɗora duwatsu biyu a kan garwashi, ɗaya baƙi mai sheƙi kamar madubi, ɗaya toka-toka mai ramuka kamar saƙar zuma. Ta ce, "Ya ke 'yar sarki, ɗauki ɗaya da hannunki. Wanda kika ɗauka, irinsa za ki kai gida."

Zuciyar Raliya ta karkata ga mai kyawun, amma ta dakata, ta kara tafinta a saman kowanne. Baƙin yana huci, mai ramukan kuwa da ƙyar ta ji ɗuminsa. Ta ɗauke shi, ta ji ba nauyi. Sambatu ta yi murmushi, ta ce iska ce ke zaune a ramukansa, zafi kuwa ba ya saurin ratsa iskar da aka kulle.

Da Bagudu ya ga irin duwatsun nan masu ramuka suna yawo bisa ruwan tafkin, sai ya sa aka koro su ta kogi kamar garken tumaki har Talmasa. Aka shimfiɗa su a ƙasa cikin birnin, amma zafi ya ratso. Fadawa suka soma gunaguni, Bagudu ya sunkuyar da kai. Raliya ta ɗaga dutse ɗaya, ta ji ya yi nauyi, ruwa yana ɗiga daga cikinsa.

Ta ce wa sarki, "Ranka ya daɗe, ruwa ne ya kori iskar. A shanya su tukuna."

Aka shanya su har suka bushe ƙarau, aka sake shimfiɗawa, aka yi daɓe a kai don kada ruwan damina ya shiga. Ƙasa ta huce, Gurzau ya ci gaba da zamansa cikin mutunci.

Bagudu ya nemi aurenta, sarki ya tambaye ta, ta ce tun a tafki ta yarda da shi. Gutsattsarin duwatsun da suka rage kuwa matan birni suka wawashe, don sun gano suna goge kaushi. Mutanen Talmasa sun daɗe suna cewa ba su taɓa ganin bikin da aka taka rawa da ƙafafu masu santsi kamar wannan ba.