Kurege Sarkin Samari a Gonar Iya Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, wanda barci ya fara ɗiba ya matsa ya ba masu kunne wuri.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo, idonmu biyu.

To. Wai a wani gari na namun daji, Gwanki ne Sarkin Samari. Da ya yi aure, sai dattawa suka ce ya sauka, mai iyali ba ya riƙe sarautar samari. Aka tara samari a dandali, aka ce wa zai karɓa. Kowa ya sunkuyar da kai, don sun san wahalar da ke ciki: kai ne kiran gayya, kai ne shan zagi in aiki ya lalace. Kurege yana gefe yana sosa kunne, sai ya tambayi Zomo a hankali, wai in an kawo abincin gayya wa ke buɗe akushi. Zomo ya ce Sarkin Samari mana, shi ke fara sa hannu, ƙanzo ma nasa ne. Kurege bai tsaya jin ƙarshen maganar ba, ya miƙe da jelarsa a sama. Nan take aka naɗa shi.

Ko gama gaisuwar naɗi ba a yi ba, sai ga Iya Bushiya tana dogara sanda. Tsohuwa ce, ba ɗa ba jika, ga ciwon baya. Ta ce gyaɗarta ta nuna, gara ta fara shiga, kuma in ruwa ya sake sauka gyaɗar za ta tsiro a ƙasa, shi ke nan ta tashi a banza. Gonar nan kuwa ita kaɗai gare ta, ita ce cinta na shekara. Ta ce a taimaka a cire mata gobe, ita kuma za ta tuƙa tuwon dawa da miyar taushe. Kurege ya haɗiye yawu, ya ce an gama.

Sai dai fa Kurege bai san yadda ake shugabanci ba, ko kaɗan. Buɗe akushi kawai ya sani. Sai ya tafi neman sani wurin manya.

Ya fara zuwa wurin Bunsuru. Bunsuru ya ce ai shugabanci tsawa ce, ka daka musu ita tun kafin su buɗe baki, kada ka yarda a tambaye ka dalili. Ya wuce wurin Hawainiya. Hawainiya ta juya ido ɗaya gabas ɗaya yamma, ta ce Bunsuru bai san komai ba, shugabanci shawara ce, ka ji ta bakin kowa, kada ka ɓata wa kowa rai. Ya gangara bakin tafki wurin Agwagwa. Agwagwa ta ce su biyun duk surutu ne. Ta nuna 'ya'yanta da ke jere a bayanta, ta ce, "Ni ban taɓa ce musu uffan ba. Tafiya nake yi, suna bina."

Kurege ya koma gida kansa ya ɗaure tamau. Ya tafi da tambaya ɗaya, ya dawo da amsa uku, kuma kowace ta ƙaryata 'yar'uwarta. Ya ce to, zai tafi da su duka, wadda ta yi aiki ita ce gaskiya.

Kai Mantau, bar tsokanar wutar nan ka saurara, kai ma ai so kake a ce kai ne babba a cikinsu.

Gari ya waye, samari suka hallara a gona, su Zomo, su Biri, su Burgu, su Damo, kowa da fartanyarsa. Kurege ya hau kan suri, ya fara da ta Bunsuru. Ya cika ƙirji da iska ya ce a fara. Muryar ta fito siririya, har Biri ya waiga yana neman tsuntsun da ya yi kuka. Kurege ya ƙara daka tsawa. Zomo ya ce a fara daga ina, ranka ya daɗe. Kurege ya ce ba a tambayarsa dalili. Zomo ya ce ai ba dalili ya tambaya ba, wuri ya tambaya. Kurege ya ce shi ma ba a tambaya. Sai kowa ya kama gabansa. Burgu ya haƙa rami ya shige, Biri ya hau bishiya wai yana duba iyakar gona, Damo kuwa bawan Allah ya duƙufa yana tuge waken maƙwabci.

Kurege ya ga ta Bunsuru ba ta yi ba, ya sauko daga suri ya ɗauko ta Hawainiya. Ya ce kowa ya zo a zauna a yi shawara. Zomo ya ce a fara daga gabas, Kurege ya ce ka yi gaskiya. Burgu ya ce a fara daga yamma, Kurege ya ce kai ma ka yi gaskiya. Biri ya ce ba zai yiwu su biyu su yi gaskiya ba, Kurege ya ce wallahi kai ma ka yi gaskiya. Damo ya ce shi bai gane ba, shawarar ta fara ne ko shawarar yadda za a yi shawara ake yi. Aka koma kan wannan. Ana ta yi, ana ta yi, har rana ta take tsaka, ba a cire ko tushe ɗaya ba. Iya Bushiya tana zaune a bakin gona, ta dubi gyaɗarta, ta dubi sama. Ni dai tausayinta nake ji duk sanda na zo nan.

Ƙamshin miyar taushe ya fara isowa daga bukkarta. Kurege ya shaƙi ƙamshin, ya tuna saura ta Agwagwa. Ya miƙe ya ce, "Daga yanzu ba tsawa, ba shawara. Abin da kuka ga na yi, shi za ku yi, ba ragi ba ƙari." Suka ce sun ji, sun yarda.

Ya duƙa, suka duƙa. Ya tuge tushe ɗaya, suka tuge. Ya kakkaɓe ƙasa, suka kakkaɓe. Kai, sai ga aiki yana tafiya sumul, har Kurege ya fara jin kansa. Amma ga gyaɗa ɗanya fara tas a hannunsa, kun kuwa san Kurege da gyaɗa. Ya juya baya, ya ɓare ɗaya a ɓoye, ya jefa a baki. Sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a bayansa, daga wannan gefen gona har wancan. Ya waiga, kowa baki cike. Ya ɓare ta biyu don ya tabbata, gona ta sake ɗaukar ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Iya Bushiya ta taso da sandarta, ta tsaya a gabansa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Sarkin Samari, ɗana, shekarata ce fa kuke ci."

Kunya ta kama Kurege, ya tofar. Suka tofar. Ya ce bari ya zaga bayan kalgo ya dawo, da nufin ya ci tasa shi kaɗai. Yana tsugunawa ya ga samari sun jeru a tsugune, kowa da gyaɗarsa a hannu, suna jiran ya fara. Ya kwanta don takaici, suka kwanta. Ya tashi ya ce ku daina bina. Suka haɗa baki suka ce ku daina bina. Zomo ya ɗan matso ya ce a gafarce shi, wannan ɗin tsawa ce, ko shawara, ko abin koyi, don su san yadda za su ɗauke ta. Kurege ya ce shi ma bai sani ba. Suka ce su ma ba su sani ba.

Sai ya zuba da gudu, suka zuba a bayansa. Ya zagaya gona, suka zagaya. Ya sake zagayawa har ya iske Damo da ke ƙarshen layi, ya zama shi ke bin Damo, Damo na bin Burgu, Burgu na bin Biri, ba wanda ya san waye gaba waye baya. Ladidi, dariyar me kike yi, haka kuke yi in an aike ku rijiya.

Ana cikin haka hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗawa. Iya Bushiya ta ce in ruwa ya riga su, ita ba ta da bakin cewa komai, amma tuwon nan sai ta shanya shi ta riƙa jiƙawa, don shi zai zama abincinta. Kurege ya tsaya cak, suka tsaya cak. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ga dabara ɗaya ce ta rage masa a duniya, kuma ita ce wadda ya fi ƙi. Ya duƙa ya kama aiki.

Ya tuge, suka tuge. Ya ƙara sauri, suka ƙara. Gumi ya jiƙe shi har jela, bai ɗaga kai ba, don ya san in ya ɗaga kowa zai ɗaga. Ya ɗauki dami ya ruga rumfar Iya, suka ɗauka suka ruga. Damin ƙarshe na shiga rumfa, ruwa ya kece.

Aka fito da akushi. A nan ne fa halin Kurege ya motsa. Ya ce a ransa, in na ce na ƙoshi kowa zai ce ya ƙoshi, in an watse sai in zagayo ni kaɗai. Ya shafa ciki ya ce, "Alhamdu lillahi, Iya, a ƙoshe nake." Samari suka haɗiye yawu suka ce a ƙoshe suke. Iya Bushiya ta share hawaye, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin shugaba irin wannan ba. Ta ce to abinci dai ba ya kwana, ta leƙa waje, sai ga Agwagwa da 'ya'yanta suna wucewa cikin ruwa. Ta kira su. Agwagwa ta sa baki, 'ya'yanta suka sa, suka share akushi har ƙanzo, Kurege yana kallo. Da Agwagwa za ta fita ta ce masa ka ga abin da na gaya maka.

Iya Bushiya ta ga idonsa ya yi ja, ta gane. Ta ɗebo gyaɗa cike da hannu ta miƙa masa, ta ce ko wannan ya karɓa. Ya miƙa hannu, sai ya waiga. Hannuwa a miƙe tun daga rumfa har bakin ƙofa. Ya dubi hannuwan, ya dubi tarin gyaɗar, ya dubi tsohuwa da bayanta a tanƙware. Ya janye hannunsa, ya ce, "Bar ta, Iya, shekara da tsawo." Duk suka janye.

Dattawa da suka ji labari suka ce wannan ko ya yi aure ba zai sauka ba, suka jera masa gonakin gayya har ƙarshen kaka. Shi ya sa har yau in kun ga Kurege ya samu gyaɗa, ba ya ci sai ya miƙe a kan ƙafa biyu ya waiga baya, yana duba ko suna nan.

Ƙurunƙus kan Kurege, in ƙarya na yi shi ya ja min. Mai son sarautar samari dai ya ci abincinsa tun daga gida. Mantau, ajiye gyaɗar nan da ka ɓoye a riga, ƙannenka na kallonka.