Buhu Arba'in da Ruwa Ya Taɓa

Akwai wani dattijo a Hayin Banki, Malam Sharhabil, da ya yi shekara talatin da biyar yana aikin rajista a wata ma'aikata kafin ya yi ritaya. Mutum ne mai sanyin hali, ko tuwo ba ya ci da gaggawa. Zaman gida bai karɓe shi ba, don haka da Alhaji Sanda, dillalin citta mai sito a Mando, ya nemi wanda zai kula da shigar kaya da fitarsu, Malam ya karɓa da murna.

Yana son aikin nan ƙwarai. Citta kan sa shi atishawa tun safe har la'asar, amma kullum da fara'a yake komawa gida.

A shekarar ne Alhaji ya samu masu saye daga ƙasar waje, sai dai sun zo da sharaɗi. Wakiliyarsu Mercy, 'yar Kachia, ta zo sito ta yi bayani. Kowane buhu za a maƙala masa lamba. Manomi, direba, mai sito da masu gwajin kaya a Legas, kowa zai shigar da abin da ya gani ta waya a cikin kundi guda, wanda 'yan boko ke kira bulokcen. Kundin ba a hannun mutum ɗaya yake ba, kwafinsa na kan kwamfutoci da yawa, kuma duk abin da ya shiga ya zauna ke nan. Idan an yi kuskure sai dai a ƙara gyara a ƙasa, kowa ya ga kuskuren, ya ga gyaran.

Alhaji na ta gyaɗa kai, amma hankalinsa na kan dala, bai ji ko rabi ba. Malam kuwa, da ya sha ganin fayil ya yi ƙafa ya bar ofis, abin ya kwanta masa a rai.

Ran nan cikin Afrilu, ruwan farko ya tare motar kayan Alhaji a hanyar Kachia, ga tamfol ɗin a yage. Da aka sauke buhu ɗari uku, Malam ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cusa hannu. Arba'in sun jiƙe. Ya ware su gefe, ya gyara tabarau, ya shigar da lambobinsu da yatsa ɗaya, ya rubuta cewa ruwa ya taɓa su.

To a harkar citta, buhun da ya jiƙe ba a yi masa shela. A kan shanya shi wuni guda, a cusa shi tsakiyar 'yan'uwansa, Allah ya kai shi lafiya. Haka Alhaji ya taso ya tarar ana yi. Da ya ji abin da Malam ya aikata, ko takalmi bai gama sawa ba ya iso sito.

"Malam, goge abin nan yanzu."

"Ranka ya daɗe, ba ya goguwa."

"To kira wanda ke riƙe da shi, a ba shi na goro."

"Ai matsalar ke nan, Alhaji. Ba mutum ɗaya ke riƙe da shi ba."

Alhaji ya kira Mercy. Ta shaida masa cikin ladabi cewa ko shugaban kamfaninsu ba zai iya cire harafi ɗaya ba, kuma buhunan nan arba'in ba za su bi wannan jigilar ba sai sun bushe an gwada su. Nan Alhaji ya hau faɗa a gaban leburori. Ya ce ya ɗauko mai gadin kaya ne, ashe ɗan jarida ya ɗauko. Ya karɓe makullin sito, ya ce Malam ya je gida ya huta.

Abin ya yi wa Malam ciwo, ba kaɗan ba. Shekara talatin da biyar ba a taɓa ba shi takardar gargaɗi ba, sai ga shi da furfura an kore shi a bainar jama'a. Duk da haka alfarma ɗaya ya roƙa, a bar shi ya shanya buhunan kafin ya tafi, ba sai an biya shi ba. Alhaji ya ce ya yi ta yi, rana ai ba tasa ba ce.

Kwana goma Malam na juya citta a kan tamfol, yana tsince wadda ta fara baƙi, yana shigar da aikin kowace rana a kundin. Da ya gama ya yi sallama da kowa, ya koma Hayin Banki wajen zogalensa da rediyonsa. Matarsa Kaltume ta ce ita dai ta huta da wankin riga mai yaji. Shi kuma yakan ce bai ci na kowa ba, barcinsa lafiya lau.

Bayan mako biyar labari ya zo daga Legas. Dillalai huɗu ne, har da Alhaji, suka haɗa kayan jigilar, kuma ashe ruwan ranar duk motocinsu ya daka. Sauran ukun sun rubuta cewa kayansu sun iso a bushe. Masu gwaji suka buɗe buhuna suka tarar da fumfuna ta bazu daga tsakiya. Kamfanin ya bi lambobi a kundin, ya ga mai kowane buhu da abin da ya rubuta a kansa. Aka mayar wa mutum uku kayansu, aka soke cinikinsu.

Buhu ɗari biyu da sittin na Alhaji Sanda suka wuce ba ko tabo, arba'in ɗin ma suka ci gwaji daga baya. Kamfanin ya ce zai ba shi cinikin shekara uku, muddin wanda ya yi waɗancan rubuce-rubucen ne zai ci gaba da riƙe sito.

Ranar Asabar da hantsi sai ga motar Alhaji a layin su Malam, layin da ko keke sai ya yi dabara. Alhaji mutum ne da ba a saba jin ban haƙuri a bakinsa ba. Ya gaida Malam, ya tambayi iyali, ya tambayi zogale, ya sake tambayar iyali. Malam ya bar shi ya gama zagayensa. Can dai Alhaji ya ciro makulli ya ajiye a kan tabarma.

"Malam, na yi maka ba daidai ba, kuma a gaban mutane na yi. Gobe a gabansu zan faɗa. Ka yafe mini ka dawo."

Malam ya dubi makullin, ya gyara tabarau.

"Na yafe, Alhaji, zan dawo. Amma ka sani tun yanzu, duk ranar da ruwa ya sake taɓa kaya, zan sake rubutawa."

Alhaji ya tura masa makullin har gaban gwiwarsa.

"Malam, ko ni ruwa ya taɓa, ka rubuta."

Darasi: Kada ka raina mai faɗa maka gaskiya don ta ja maka asarar yau, wataƙila shi ne ke tsare maka kasuwar gobe. Na'ura tana adana abin da aka shigar ne kawai, mutumin kirki ne ke shigar da gaskiya. Ku tura wa 'yan kasuwar da kuka sani, musamman masu saurin karɓe makulli.