Kusurwar Bargon Barira

Kwana shida ke nan Hansai ba ta sami sukuni ba, kuma ba komai ya hana ta sakat ba sai kusurwar bargo. 'Yarta Barira ta sami aikin koyarwa a Gembu, can kan dutse inda aka ce sanyi na shiga har cikin ƙashi, jibi za ta hau mota. Hansai ta tattaro guntayen atamfar da ta daɗe tana adanawa, ta harhaɗa su, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta sa shafi, bargo ya fito gwanin sha'awa. Saura baki. Ta ɗauko shuɗin zanen marigayiya mahaifiyarta ta yanka siri-siri, ta jona shi ya zama dogon ƙyalle, don ta bi gefen bargon da shi ta rufe. Gefe kam yana tafiya sumul. Amma da ta iso kwana sai ƙyallen ya cure ya yi ƙullutu. Ta farke ta sake, ta farke ta sake, har zanen ya fara zarewa, ga shi babu ragowa ko na ɗaure yatsa. Kusurwa biyu ta haƙura ta bar su haka, ga ta uku na tahowa.

Ran nan bayan azahar tana kan keken ɗinki tana huci, sai ta ji wata siririyar murya daga sama.

"Sannu da aiki, Maman Barira. Wannan bargo ne, ko buhun dankali?"

Ta ɗaga kai, sai ga zanzaron nan da ya yi gidan laka a kusurwar ɗakin, wanda kullum take cewa gobe za ta kakkaɓe.

Ta ce, "Kai kuma wa ya sa da kai? Ƙyallen ne ya tsufa."

Zanzaro ya ce, "Ƙwarai kuwa, ƙyallen ne. Jiya allura ce, shekaranjiya keke. Gobe in Allah ya kai mu sai mu ɗora wa gwamnati. Ni a kusurwa aka haife ni, a kusurwa na yi gini, na san halinta. Kin tuna mini da Sallau tela."

"Wane ne kuma Sallau?"

"Ɗauke ƙafarki daga kan keken nan ki ji."

Zanzaro ya ce, kakata ta ba ni labarin wani tela da ta yi gida a shagonsa a bakin tasha. Ana ce masa Sallau Jirgi, don in ya taka keke ba ya ɗaga ƙafa sai ya ji allura tana sukar iska. Wata rana wani direban babbar mota ya ba shi ɗinkin bargon da zai riƙa rufa a hanya. Sallau ya bi baki a guje har ƙarshe, ya murɗe ƙyallen da ƙarfi, ya sha kwana. Ƙullutu. Ya ɗora dutsen guga, bai kwanta ba. Ya zauna a kai tun hantsi har azahar, ya tashi ya tarar kamar an ƙara masa yisti. Ya aro taɓarya ya daka. Da direba ya zo, ya juya bargon nan gaba da baya, ya ce, "Maigida, Allah ya ƙara basira. Bargo na ce, ka haɗo mini da matashin kai guda huɗu. Ciccire su, ina da nawa a mota." Ya ajiye ya yi tafiyarsa.

Gwaggo Yalwa, wata tsohuwa mai sayar da daddawa a ƙofar shagon, ta gama dariyarta ta share hawaye, ta ce, "Sallau ɗana, ashe Jatau ya bar magaji."

Ya ce, "Wane Jatau, Gwaggo?"

Ta ce, "Zauna a kan matashi ɗaya ka ji."

Gwaggo ta ce, a ƙauyenmu an yi wani manomi mai suna Jatau. Shekarar da ya sami shanun huɗa ya rantse ba zai bar ko taki ɗaya na gonarsa garma ba ta shiga ba. Kowa in ya kusa iyaka yakan tsai da shanu, ya ɗaga garma, ya karkata su waje, sannan ya dawo da su su fuskanci sabuwar kunya. Jatau ya ce wannan aikin ragwaye ne. Shi sai ya kora su har hancinsu ya taɓa shingen maƙwabci, sannan ya daka musu tsawa su juya. To ina za su juya? Na dama ya hau na hagu, garma ta sarƙe da igiya, ƙasa ta taru tsibi guda, shinge ya faɗi, Jatau ya tsinci kansa zaune cikin rogon maƙwabcinsa Malam Ilu. Malam Ilu ya zo ya tsaya a kansa, ya ce, "Maraba da Jatau. Da ka aiko ai da na buɗe maka ƙofa. Gobe in ka dawo ka huɗe mini har bayan ɗaki." Shekara uku yana wannan jarumta, kowace kusurwa ta gonarsa da tudunta, har baƙi in sun zo wucewa sukan tsaya su yi addu'a, sun zaci kaburbura ne.

Gwaggo ta ce, "Ka ji, Sallau. Sa da duk ƙarfinsa sai an bar masa wurin juyawa, balle ƙyalle."

Zanzaro ya ce, "Sallau ya amsa mata da cewa shi ba sa yake ɗinkawa ba. Har ya bar sana'a, bargonsa da matashi yake fita. Ke kuwa, Maman Barira, ban sani ba ko Sallau kika gada ko Jatau, amma jinin yana da ƙarfi."

Hansai ta kai hannu za ta ɗauki tsintsiya, sai idonta ya faɗa kan ɗan shuɗin ƙyallen da ya rage mata na rufe bakin bargo. Ta janye hannu. Ta ce, "To Malam Zanzaro, na ji zagin. Ina karatun?"

"Taka a hankali. Kar ki kai ƙarshe. Ki bar daidai faɗin ɗinkinki, kamar ƙwayar wake ɗaya. Tsaya! Wake na ce, ba gero ba."

Ta koma baya kaɗan, ta ƙulle zare, ta zaro bargon daga ƙarƙashin allura.

"Ɗaga ƙyallen sama, ya miƙe a layin gefen da za ki bi gaba. Kin ga ya yi ninki a karkace? Danne da farce. Yanzu sauko da shi, bakin ninkin ya yi daidai da bakin bargo. Fara ɗinki tun daga can sama."

Ta yi yadda ya ce. Da ta naɗe ƙyallen zuwa baya, ta kwantar da gefe ɗaya, ta ɗora ɗayan a kai, sai ga kusurwa ta fito tsaf, da ɗan layi a karkace kamar an ja da alƙalami. Ta yi ta huɗu, ita ma haka.

Ta daɗe tana shafa su da yatsa. Ta ce, "Na yarda. Ba ƙyallen ba ne, ƙafata ce ba ta san tsayawa ba."

Zanzaro ya ce, "Madalla. An wanke gwamnati."

Ta shimfiɗa bargon a gado. Sai yanzu ma biyun farko suka ƙara muni, tunda ga 'yan uwansu a gefe. Ta ce, "Su kuma waɗannan fa?"

"Wannan kam kakata ba ta ba ni labarinsa ba." Ya shige gidansa.

To jama'a, ga Hansai nan zaune da reza a hannu, ta kai ta janye, ta kai ta janye. In ta farke, wurin ya riga ya yi laushi, yana iya yagewa, sai dai a jona da zanen da bai taɓa jikin kakar Barira ba. In ta bari, yarinya za ta shimfiɗa shi gaban abokan aikinta a garin mutane, su ce uwarta ce ta ɗinka. Barira kuwa ko me aka miƙa mata, "Inna, ya yi kyau" za ta ce, ba a gane cikinta. Mota jibi ce. Don Allah ku da kuka san ɗinki, ta farke ko ta bari?