Tukwane Huɗu na Wistin

Akwai wani tsohon direban bas mai suna Wistin Xuereb a garin Żejtun na ƙasar Malta. Matarsa Dolor ta shekara shida da ciwon jijiya mai hana ta barci da cin abinci. Da likitanta ya ce a gwada maganin wiwi, doka kuma ta yarda mutum ya shuka tukwane huɗu na wiwi a gida, Wistin ya ce shi zai shuka mata da hannunsa.

Ya share ɗakin wanki, ya rataye fitila can a jikin silin don ta maye gurbin hasken rana, ya shuka iri a tukwane huɗu.

Sati biyu tsiron ya fito, amma ba yadda ya so ba. Biyu sun zanƙale sirara kamar zare, sun lanƙwashe gefe guda. Biyu kuma sun tsaya gajeru a inuwar 'yan uwansu.

Maƙwabciyarsu Ċensa, dattijuwa da ta yi shekara hamsin tana renon dashen tumatir da barkono, ta shigo gaida Dolor da farantin pastizzi masu zafi, wani abin gashi na Malta mai kama da samosa. Ta leƙa ɗakin wankin, ta ce wa Wistin ya bari ta duba masa.

Wistin ya yi dariya. "Ċensa, wannan ba kayan miya ba ne. Na karanta komai a waya."

Ta ajiye faranti, ta yi wa Dolor sannu, ta tafi.

Shi kuwa ya ƙara taki, ya ƙara ruwa. Kafin sati duk huɗun sun kwanta sun mutu. Ya sake shuka wani irin, ya rantse wannan karon zai yi. Suka fito, suka kama hanyar na farko.

Wata safiya ya tarar da Dolor tana ƙoƙarin ɗaga kofin shayi, ciwon ya hana ta riƙe shi da kyau, shayin na zuba a zaninta. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta ce masa kawai kada ya damu kansa, ta saba.

Wannan maganar ce ta fitar da shi. Ya tsaya a ƙofar Ċensa da hularsa a hannu, ya ce ya yi mata rashin kunya, ya zo neman taimako.

"Direba, wayar ta ƙare ke nan?" Ta ɗauki sandarta. "Mu je."

Kallo ɗaya ta yi wa ɗakin ta ce yunwar haske ke damunsu, shi ya sa suke miƙa wuya. Ta sa ya sauko da fitilar, ta ce ya riƙa gwada zafinta da bayan hannunsa. Ta sa ya ɗora gajerun a kan bulo har kansu ya zo daidai da dogayen. Ta ƙara ƙasa a gindin siraran, ta ce ya kunna ƙaramar fanka don iska ta ƙarfafa kara, ya kuma daina takin nan.

"Kullum ka juya tukwanen. Kullum fa, ba ranar da ka tuna ba."

Wistin bai tsallake rana ɗaya ba. Ɗaya ta mutu duk da haka, bai karaya ba. Ukun suka yi kauri, suka miƙe, ganyensu ya buɗe.

Bayan wata biyar, Wistin ya girbe su, da shawarar likita kuma Dolor ta fara shan maganin. Ciwon bai tafi ba, amma ya sassauta. Wata ranar Lahadi ta ce masa ya fito mata da takalminta, tana so ta taka zuwa coci. Suka tafi a hankali, Ċensa na riƙe da hannunta ɗaya, shi da ɗayan.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka raina sanin wanda ke kusa da kai, domin sau da yawa ba kai kaɗai ke shan wahalar taurin kanka ba. In ka yi kuskure, ka koma ka tambaya, sannan ka dage. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.