Kalmar da Ba a Faɗa Ranar Jarrabawa

An yi wani mutum a nan arewacin Japan, cikin garin manoman tuffa. Ba ya shan giya, ba ya caca. Abin da ya shiga zuciyarsa mota ce.

Tsohuwar motar tsere ce ja, mai kujera biyu, irin wadda tayoyin baya ke turawa. Ta girme shi, amma ya fi kula da ita fiye da jikinsa. Idan ya bi ta kasuwa mutane suka waiwayo, sai ya ji kamar shi aka yi wa kirari.

Kowa ya san irin wannan mota kwanciya take yi a gareji da zarar dusar ƙanƙara ta fara sauka, sai bazara. Bayanta ba nauyi. Ka taka totur kaɗan, gindinta ya nemi wuce kanta.

Maƙwabcinsa, tsoho Narumi, ya ga yana goge ta da sanyin safiya, ya jingina da shebur ɗinsa ya ce, "Ɗana, in fita za ka yi da amaryar nan, sa mata buhun yashi a but, ka ɗaura wa tayoyin sarƙa."

Mutumin ya yi dariya. "Baba, wannan ba akori-kurar tuffa ba ce. Sarƙa ta kankare mini fenti?"

"To," in ji tsohon. "Ƙanƙara dai ba ta san fenti ba."

Ranar ce 'yarsa Kotone za ta rubuta jarrabawar shiga jami'a. Likitar haƙori take son zama, ta yi shekaru tana karatu dominta. Uban ya riga ya hango kansa a ƙofar makaranta, iyaye sun yi cincirindo cikin ƙananan motocinsu, jar mota ta tsaya, 'yarsa ta fito.

Kun san al'adar nan. A gidan da ke da mai jarrabawa ba a furta "zamewa", ba a furta "faɗuwa". Wai kalmar za ta bi yaro har cikin aji.

Matarsa Fumie ta biyo shi bakin ƙofa da ƙunshin shinkafar yarinyar a hannu. Ta ce, "Baban Kotone, ku bi jirgin ƙasa mana. Ko ka ɗauki motata. Hanyar kan tudun nan yau motarka za ta..."

"Kul!" ya ce. "A gaban yarinyar? Yau? So kike ki ja mata?"

Matar ta haɗiye maganarta. Shi kuwa ba yarda ya yi da camfin ba, ya sha yi masa ba'a. Ya dai ga ƙofar da zai rufe bakin mai gaya masa gaskiya, ya rufe.

Suka kama hanya, dusar ƙanƙara tana sauka a hankali. A kwanar farko bayan motar ya ɗan karkace, ya murɗa sitiyari ya dawo da ita, ya dubi 'yarsa yana murmushi. Yarinyar ta rungume jakarta.

A gangaren tudu wata babbar mota ta rage gudu a gabansu. Ya taka birki, ya ji sitiyarin ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba. Jar motar ta juya a hankali, shiru, har ta daki ƙarfen gefen hanya ta ɓangaren da yarinyar take.

Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Hannun daman Kotone ne ya murƙushe. Likitoci sun ceto hannun, amma yatsun ba za su ƙara riƙe abu mai ƙanƙanta ba.

Da ya shiga ɗakin asibiti ya durƙusa, ya sa goshi a ƙasa. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, tun daga ƙofar gida nake jin tana zamewa. Na so in ce ka tsaya. Ka ce yau ba a faɗa."

Fumie ta ɗauke 'yarta suka koma gidan iyayenta a garin Akita. Yana nan shi kaɗai, yana share dusar ƙanƙara a ƙofar gidan da ba mai shigarsa.

Ya 'yan uwa, ƙanƙara ce ta rusa gidan nan? Ƙanƙara halinta ta yi. An gaya masa, ya yi dariya. Aka zo a sake gaya masa, ya ɗauko camfi ya toshe bakin matarsa da shi, don kawai a gan shi. Girman kai ke nan: ƙin gaskiya, da raina mai faɗarta.

Ni ma uba ne, ɗana ya fara tuƙi bana, kuma duk fitar da zai yi zuciyata ba ta zama. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan: wace magana ce iyalina suke gani, suke tsoron gaya mini? Kowa ya koma gida yau ya tambaya, kuma in an ba shi amsa ya yi shiru ya saurara.

Allah ya kiyaye mu daga son a gani, kada ya sa 'ya'yanmu su biya bashin girman kanmu. Amin.